Kifin da ke bayan ƙyaurenmu

Shekarun baya, da muka tashi gyaran zauren gidanmu a Fagge, kafinta ya cire tsohon ƙyauren da kakana mai jakai ya kafa. A bayansa, can ƙasa, sai ga wani tambari da aka ƙona da ƙarfe: kifi, da layi biyu.

Ni kuwa ko allura na tsinta sai na nemi mai ita. Ke nan duk shekarun nan katakon mutane muke buɗewa muna rufewa?

Mahaifiyata ta ce, "Kai dai ba ka rabo da neman abin damuwa. Mayar min da ƙyauren Baba inda ka gan shi."

Na ce, "Inna, in ba namu ba ne fa?"

Na ɗora shi a kura, abokina na biye yana min dariya, muka nufi 'yan katako a Sabon Gari. Na ƙudurta in mai shi ya fito zan bar masa, ko da Inna za ta yi fushi.

Da muka yi cigiyar mai tambarin, aka nuna mana wani dattijo Ibo, haifaffen nan, Hausarsa ta fi tawa. Ya shafa tambarin, sai ya kece da dariya har da ƙwalla.

"Kifin babana ne!"

Na ce, "To Baba, ga kayanka na kawo maka."

"Kayana? Malam, zauna tukuna."

Ya ce lokacin da nan duk fili ne da 'yan bukkoki, katako daga kudu yake zuwa a jirgin ƙasa, a jibge shi wuri guda a tasha. Kowa sai ya ƙona alamarsa don ya gane nasa, masu jakai daga Fagge su kwaso musu.

"Kifi kaɗai, na sayarwa ne. In da layi biyu, kyauta ce. Duk mai jakin da ya yi gida, babana ke ba shi katakon ƙofa. Kai kuma ka zo ka maido mana kyauta?"

Ya rufe shago ya biyo mu har gida, ya tsaya kan kafinta sai da aka mayar da ƙyauren. Inna ta aiko masa da dambu, tana cewa ta bayan labule, "Ka ga abin da nake fama da shi ko?"

Har yau ban daina damuwa ba. Amma duk sanda na tura ƙyauren nan, nakan tuna akwai abu ɗaya a duniya da na tabbatar halal ɗinmu ne.