Shekarar da Na Yi wa Kaza Ƙarya

Wata malamarmu 'yar Indiya ce ta nuna mana hoton wasu taurari shida a cure wuri guda. Ta ce a al'adarsu watan sama matafiyi ne, kowane dare da masaukinsa a cikin taurari, wannan masaukin kuwa sunansa Kirittika: mata shida da suka tsinci jariri, kowacce ta shayar da shi. Ina kallon hoton na gane su. Kaza da 'ya'yanta ce, wadda muka sani a ƙauyenmu na wajen Tsanyawa.

Ka san Kaza takan ɓace da bazara. Kakana ba ya shuka sai ta dawo gabas da asuba, ya ce ruwan da ya riga ta ba abin yarda ba ne. A shekarar da nake ba ka labari yanar ido ta hana shi gani, irin geronmu kuma ƙwarya ɗaya ya rage. In ya ƙone a ƙasa, babu wani.

Ruwa ya sauka da wuri. Ƙamshin ƙasa ya cika gida, maƙwabta suka fita da sungumi, Baffa yana ta zarya tsakanin rumbu da zaure. Kakana ya ce a jira. Bayan sallar asuba sai ya dafa kafaɗata mu tsaya bayan rumbu, in duba masa sama. Kwana biyar ban ga komai ba. A na shida, don tausayin Baffa da ake yi wa dariya a masallaci, na ce na gan ta.

"'Ya'yan nawa ne, amarya?" Haka yake tsokanata.

Na tuna da 'yan tsakin kazar Inna, na ce goma sha ɗaya.

"To, ta yi albarka bana. Je ki ɗauko min buta."

Bai yi faɗa ba, bai kuma ba da irin ba. Ruwa ya ɗauke, tsiron maƙwabta ya kwanta ya bushe. Sai bayan mako biyu na hango ta ƙasa-ƙasa, dishi-dishi, a saman kuka. Na ƙirga shida. Ya sa na sake ƙirgawa, sannan ya kira Baffa.

Yanzu Baffa wayarsa yake tambaya labarin ruwa, rumbun ma an rushe shi. Da malamar ta tambaye mu ko akwai wanda ya taɓa ganin taurarin nan da idonsa, ni kaɗai na ɗaga hannu. Ta ce nawa na gani. Wannan karon ban ƙara ko ɗaya ba.