Ranar da na sa Tsahara cikin littafin kutare

Da ana mayar da rana baya, da Talatar da Tsahara ta shigo ɗakin duba marasa lafiya ita zan fara mayarwa. Har yau ba ta fita raina ba. Na yi shekara talatin da biyu ina aikin lafiya, na yi kurakurai da dama, amma wannan ne ban taɓa faɗa wa ko iyalina ba. Yanzu da na ajiye aiki nake rubuta shi saboda ku da kuke kan kujerar da muka tashi.

A lokacin ni ne majo a gidan likita na wani ƙauye cikin ƙasar Madarumfa, kan hanyar Ɗan Isa. Ga wanda bai sani ba, majo shi ne babban anfirme, wato nas, ba dakta ba ne, amma a ƙauye abin da ya faɗa shi ke zama. Karatuna bai yi zurfi ba, birbe ce, wato takardar ƙaramar sakandare, sai horon anfirme. Damina ce ta shekarata ta goma sha ɗaya a aiki, kuma ban daɗe da dawowa daga wani horo na kwana goma a Maraɗi kan kuturta ba. An gaya mana mutane suna ɓoye ta, mu buɗe ido. An kuma koya mana ƙa'ida: a nemi tabo a fata wanda ba ya jin taɓi, a lalubi jijiyar gwiwar hannu ko ta yi kauri. Ni ƙa'idar ban riƙe ba, buɗe idon na riƙe. Na dawo ina ganin kuturta a kowane hannu.

Tsahara mace ce mai kamar shekara arba'in da biyar, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu. Sana'arta matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli. Tun asuba take murza tunkuza, ta matse, ta mulmula, kuma direbobi masu tafiya Katsina sun san tirenta a bakin kasuwa.

Ta zauna ta miƙo hannun dama. "Majo, hannun nan ya ƙi ni. Ina cikin barci zai tashe ni, kamar tururuwa na yawo ciki, sai na yi ta yarfe shi kafin ya sake ni. Shekaranjiya mai ya fallatsar mini, dubi ƙuna."

Na ce, "Ba ki ji zafi ba?"

Ta ce, "Sai da na gani da ido."

Ƙuna babu zafi. Gabana ya faɗi, amma gaskiya har da ɗan daɗi na ji, irin na wanda ya gano abin da aka aike shi nema. Na sa ta rufe ido, na ɗauki auduga ina taɓa yatsunta. Babban yatsa bai ji ba, manuni bai ji ba, na tsakiya ma haka. Da na taɓa ƙaramin sai ta ce, "A'a, wannan lafiyarsa lau, shi kaɗai ne mai kunya a cikinsu." Na ce a raina buɗe ido ta yi ta leƙa.

Ya kamata a duba fatarta gaba da baya. Ungozoma ke yi mini wannan ga mata, ranar kuwa ta tafi ta'aziyya, ga mutane cike da rumfa suna jira. Sai kawai na tambaye ta ko tana da tabo a jiki. Ta yi dariya ta ce, "Na haihuwa dai, Majo." Gwiwar hannun ma ban taɓa ba. Ƙa'ida ta ce daktan Madarumfa ne zai tabbatar kafin a fara magani, amma gulbi ya cika, hanya ta yanke, na ga jira ɓata lokaci ne. Na buɗe littafin kutare na rubuta sunanta, na sa hannu.

Ban faɗa wa kowa ba, amma ba sai na faɗa ba. Akwai Malam Idi, ma'aikacin da ke kai wa kutare magani gida gida, a kan moto, wato babur, mai akwatin ƙarfe shuɗi a baya. Duk ƙauyukan nan an san moton. In aka ji ƙararsa mata sukan leƙo ta saman danga su ga ƙofar da zai tsaya. Ranar Alhamis ya tsaya a ƙofar Tsahara.

Kasuwa ta gaba da tirenta cike ta dawo. Wa zai ci abin da kuturwa ta mulmula? Maƙwabta suka daina aiko kwalba a zuba musu mai. A rijiya aka ce ta zo da guganta. Ta koma ƙwadago a gonakin mutane, riƙon hauya ya ƙara wa hannun azaba. Ɗaya daga cikin magungunan kuma yana sa fata ta yi duhu, da fuskarta ta sauya sai mutane suka ce ga shi nan ta fito fili.

Kowane wata tana zuwa. Ta kan ce, "Majo, maganin nan bai san hanyar hannuna ba." Ni kuma in ce ta yi haƙuri, cutar ba ta jin magani da wuri. Wata bakwai muna haka.

Da rani sabon daktan Madarumfa ya zo zagayen duba aiki, Dakta Sanusi, sa'an ƙanena. Ya karanta littafin, ya ce a kira masa mai sunan nan da babu hannun dakta a gabansa. Ya sa ungozoma ta dube ta, babu tabo ko ɗaya. Ya lalubi gwiwar hannu, lafiya. Sannan ya juya tafinta sama, ya ƙwanƙwasa tsakiyar wuyan hannun da yatsa. Ta zabura ta ce, "Wayyo, kamar lantarki!" Ya sa ta lanƙwasa hannayen ta haɗa bayansu, bai fi minti ɗaya ba ta ce tururuwar ta taso. Ya kama tudun naman da ke gindin babban yatsa ya nuna mini. Naman ya shafe, ya zama kwari.

Ya ce mata, "Inna, ba ki da kuturta, ba ki taɓa yin ta ba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta yi murna ba. Ni ta kalla.

Da ta fita ya rufe ƙofa. Ya bayyana mini cewa a wuyan hannu akwai wata 'yar ƙunƙuntar hanya, ƙashi a ƙasa, tauri kamar ɗamara a sama, ta nan jijiyar da ke ba babban yatsa da biyu na kusa da shi ji take bi. Aikin matsa da murza kullum yana kumbura wurin, jijiyar ta matse. Ƙaramin yatsa jijiyarsa dabam ce, shi ya sa ba ya shiga ciki. Da Faransanci kanal karpiyan ake ce wa ciwon. In an kama shi da wuri, a ɗaure wuyan hannun da madauri lokacin barci, a rage aikin, in ya ƙi a yi allura a wurin. In nama ya fara shafewa sai tiyata, a tsaga ɗamarar don jijiya ta sami sarari.

Ya ce, "Majo, da ka fara ganinta naman nan yana nan?"

Na ce, "Ban duba ba, Dakta."

Ya ce, "Hannun zan tura Maraɗi. Sunanta kuwa kai ka ɓata shi, kai za ka gyara. Ni baƙo ne a garin nan, maganarka suke ji."

An yi mata aikin a babban asibiti. Ciwon dare ya tafi, ji ya ɗan dawo, amma babban yatsa bai sake yin ƙarfin matsa ba. Ta zo wurina cire zare. Ina cirewa ta ce, "Majo, ban zo faɗa ba, Allah ya riga ya rubuta. 'Yata ta iya matsa, ni zan riƙa suya. Abu ɗaya nake so. Ka zo bakin kasuwa ka ɗauki ƙuli a tirena ka ci, mutane su gani. Ba sai ka yi magana ba."

Na ce, "In sha Allahu ranar kasuwa ina nan tafe."

Ban je ba. Na ja layi a kan sunanta cikin littafi, na hana Malam Idi tsayawa a ƙofarta, na gaya wa kaina ai shi ke nan. Abin da nake tsoro shi ne a ce Majo ya yi kuskure, gobe in ba da magani a yi mini gardama. Kasuwa uku ta yi tana fitowa da tire, an ce tana ta duban hanyar gidan likita. Mutane kuwa suka ce an dai daina kawo magani ne don cutar ta fi ƙarfinsa. Kafin damina ta kwashe 'ya'yanta ta tsallaka Najeriya wurin wani wanta. Bayan shekara shida na tambayi wani direba labarinta, ya ce ai ta rasu bara.

Abin da na gane a makare shi ne, kuskuren farko na jahilci ne da gaggawa, kowane ma'aikaci yana iya faɗawa ciki. Na biyu kuwa da sanina na yi shi, kuma shi ne ya kore ta daga garinsu. Tafiyar bakin kasuwar ba ta fi ta minti goma ba daga teburina.

Ku da kuke aiki yanzu, ina roƙonku kada ku maimaita. Ku riƙe hannun mara lafiya ku duba shi duka kafin ku ɗauki biro. In kuma ta tabbata kun ɗora wa mutum cutar da ba shi da ita, ku tashi a ranar ku je inda ake gudunsa ku faɗa da bakinku, tun yana garin.