Injin Dankure da Hannun Labbo

Dankure manomin shinkafa ne a Gulma, gajere mai tumbi, ya haura hamsin. A iya sanina da shi, kafin wannan abin bai taɓa dukan kowa ba. Ko akuya ta shiga masa gona, wa'azi yake yi mata har ta gaji ta fita.

Abin ya faro ne da 'yarsa Mansura, wadda ke karatu a Birnin Kebbi. Ta zo hutu da waya cike da katun ɗin Japan mai fassarar Hausa. Ranar farko Dankure ya ce zanen yara ne, mutane da idanu kamar faifai. Rana ta uku wayar tana hannunsa, ita ce ke leƙe ta bayan kafaɗarsa. Labarin wani saurayi ne mai rufe fuska, da ke bin miyagun da kotu ta sake yana gamawa da su. A ranin shekarar kuwa an sace injinan ban-ruwa uku a fadama, ba a kama kowa ba.

"Wanga yaro ya san aiki," in ji Dankure. "Ba takarda, ba a dawo gobe."

"Baba, shi fa sai an nuna mana mugun yana aika-aikar kafin ya kama shi," Mansura ta ce. "Kai wa zai nuna maka?"

"Idona mana. Ko kin ga na makance?"

Ta koma makaranta, ta bar masa katun ɗin a tasa wayar. Bai yi wata ba ya tara manoma goma sha biyu, su Ja'afar da Maigandi, suka zama 'yan sintirin fadama. Kowa da gora, kowa ya naɗe fuska da rawani. Mun sha dariya, don ba rawanin da zai ɓoye tumbin Dankure. Mata na wucewa suna cewa, "Sannu da aiki, Baban Mansura," shi kuma yana amsawa da muryar da ya aro. Daga baya dariyar ta ragu. Sai ka gaida Ja'afar, wanda ka je sunansa, ya dube ka ta tsakanin ƙyalle bai amsa ba.

Akwai wata al'ada tsakanin masunta da manoman bakin gulbin Rima. Masunci ne ke fara ganin ruwa na tasowa. In ya ga inji a bakin gaɓa, ba ya neman mai shi, ɗauka yake ya sa a jirgi ya kai tudu. Mai inji ya biyo sawu, ya yi godiya, wani lokaci da ɗan kwandon albasa. Dankure ya san wannan sarai, don sau biyu ana tsamar masa inji haka.

Farkon damina, wata Talata bayan azahar, Labbo ya biyo gulbi daga Argungu. Dattijo ne masunci, marar yawan magana. Ya ga ruwa ya sauya launi yana ɗauko ciyawa, ya ga inji mai ɗigon jan fenti uku, alamar Dankure, ya ciccibe shi. Bai kai ga jirgi ba aka yi ihun ɓarawo.

Dankure ya iso yana haki. Ya ga injinsa a hannun mutum, ya ga yaransa sun yi da'ira suna jiran sa. Ya ɗaga gora ya sauke a hannun Labbo. Waɗanda ke wurin sun ce ƙarar kamar an taka busasshen kara.

Labbo ya zauna a laka riƙe da hannun damansa. Bai yi kuka ba. Ya dubi rawanin ya ce, "Dankure, ruwa na tahowa."

Maigandi ya je ya ɗauko jarkar fetur ɗin injin, ya kwance murfin. Wani ya shiga laluben aljihu yana neman ashana.

Nan ne Dankure ya waiwaya wurin da ya girke injin da safe. Turken da ya kafa a wurin ya nutse, kansa kawai ake gani. Ya fizge rawaninsa, ya tsaya a kan Labbo ya ware ƙafafu.

"Wanga ba ɓarawo ba na! Labbo na. Ku duba gulbi!"

"To ai kai ka fara bugu, Shugaba," in ji Ja'afar.

"Awo, ni na. In za ku zuba, ku zuba da ni."

Sun daɗe a tsaye, ruwa na lasar dugadugansu. Sannan suka juya ɗaya bayan ɗaya. Maigandi bai ajiye jarkar ba, da ita ya tafi.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma hannun bai koma daidai ba, homa kuwa ba a kamun kifi da ita da hannu ɗaya. Duk Juma'a Dankure na hawa babur zuwa Argungu da shinkafa. Labbo na shimfiɗa masa tabarma ya ce, "Yau ba ka zo da fuskar aro ba?" Dankure ya yi dariyar da ba ta kai ciki. Da Mansura ta dawo hutu ta tambaye shi ko ya ga ƙarshen katun ɗin, ya ce wayar ta lalace. Wayar kuwa lafiyarta lau, ni na kira shi a kanta jiya.

'Yan sintirin suna nan, sun kai talatin, ba sa neman shawararsa. Bana ruwa ya zo da wuri. Masunta suka ga injina huɗu a bakin gaɓa, suka kau da kai suka ja jiragensu, gulbi ya tafi da injinan duka. Su Ja'afar sun ce sace su aka yi, kuma sun ce sun san masu jirgin da suka wuce ranar.

Tun shekaranjiya Dankure ke wuni a mashigin jirage, kansa ba ko hula, yana duban hanyar da su Ja'afar za su ɓullo.