Tungar da Ban Faɗi Sunanta Ba

Mijin autata aikin taswira yake yi. Tun da na baro tungarmu ta bayan Rawayya, bayan rasuwar maigidana, a wurinsu nake zaune a Sabon Gari, nan Gusau, kuma ina ganin abin da kowa yake yi ko da ban tanka ba. A daminar da nake magana, an ba shi aikin fitar da taswirar ƙauyukan Gusau da Tsafe da Bunguɗu, saboda masu bi gida-gida suna ba ƙananan yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wata-wata. Kowace tawaga za a miƙa mata takardunta. Ƙauyen da ke kan takarda shi za ta shiga.

Da can, in ji ɗiyata, ɗaya bayan ɗaya yake haɗa su, ya kwashe makonni. A wannan karon sau ɗaya ya tsara wa kwamfutarsa aikin. Ta shiga intanet, ta ɗauko jerin ƙauyukan da mutane suka riga suka sa wa alama a can, ta jawo hanya da rafi da rufin gidajen kowanne, ta ɗora suna a sama, ta wuce na gaba. Ni dai na ce tandar masa ce, a zuba ƙullu a jira.

Ran nan bayan la'asar ya fito tsakar gida da kwamfutar, ya tsuguna can nesa da tabarmata. Mu ba mu haɗa ido da suruki, don haka matarsa ya yi wa magana.

"Ki ce ma Inna ita ta san yankin Rawayya da Kekun Waje. In karanta mata sunayen, in akwai wanda ya ɓace ta faɗi."

"Ga ta nan tana jin ka. Duk gidan ga akwai mai kunnenta?"

Na ce, "Gaya mishi shi karanta."

Ya yi ta jerowa, ni kuma ina bin su a raina kamar mai tafiya kasuwa, wannan bayan wancan, nan a tsallake rafi, nan a wuce kukar nan mai kogo. Ya zo daidai inda tungarmu take, ya tsallake. Ashe ba wanda ya taɓa sa mata alama a intanet ɗin, gida tara ne a ƙarƙashin itatuwa.

Maigidana ne ya sare dajin wurin, sunansa kuwa tungar ta ɗauka. Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, balle a gaban suruki.

"Sun cika?" in ji shi.

Kafin in motsa ɗiyata ta yi dariya. "Inna, yau kin gamu da wadda ta fi ki sanin hanya. Ko gumi ba ta yi."

Nan ne ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Da na ce "tungar babanku fa?" da magana ta ƙare, ban kama sunan kowa ba. Kunya tana nan, amma dariyar nan ce ta ɗaure mini baki. Na ce a raina bari su gani, gobe ko jibi in ja ta madafa in gaya mata, ta san tsohuwa ba ta zama banza ba. Abin da na furta shi ne, "Allah shi taimaka."

Na ɗauka aikin makonni ne kamar da. Kafin a kira magariba injin buga takarda ya fara tari a ɗakinsa, takardu suna fitowa da ɗuminsu, ɗiyata tana jera su gunduma-gunduma. Washegari da hantsi mota ta zo ta kwashe. Ina zaune ina tsince shinkafa na ga fitarsu. A lokacin ma da na yi magana da an gyara. Sai dai yanzu sai in amsa cewa na ji giɓin jiya na yi shiru, ni da nake kama kowa da laifin sakaci. Na lallashi kaina da cewa masu maganin suna da idanu, za su hango hayaƙi.

Ba su hango ba. Gero ya riga ya rufe 'yar hanyar, sun tsaya inda takarda ta tsaya.

Wajen mako uku bayan haka aka bugo wa ɗiyata waya. Jikar ƙanen maigidana, yarinya 'yar shekara uku, ta kwana biyu da zafin jiki, ta fara jijjiga, aka ɗauko ta a kan mashin zuwa Bunguɗu, ba ta kai ba. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare. Na kuma san yaran tungar da ke tsallaken rafi sun sha maganin, namu ba su sha ba.

Ban aiki kowa ba. Na je ƙofar ɗakinsa na tsaya, na ce, "Malam." Ya zabura har takalminsa ya fita. Na faɗi sunan tungar gaba ɗayansa, na kwatanta masa inda take daga rafin. Ya nemo rufin gidajen a hoto, ya sa alama, ya ƙara layi ɗaya a jerin. Ban kai ga komawa tabarmata ba takardar ta fito.

"Laihina ne, Inna, da ban bi diddigi ba," in ji shi.

Na ce, "Na ji sarai ka tsallake ta ran nan." Ɗiyata ta dube ni, kuma har yau ba ta tayar da zancen ba.

Sai da hanya ta yi kyau na samu zuwa gaisuwa, lokacin masu maganin sun riga sun shiga a zagaye na biyu. Uwar yarinyar ta durƙusa ta riƙe hannuna biyu.

"Inna, mun ji ke kinka sa anka tuna da mu. Sauran ɗiyan duk sun sha. Allah shi saka miki."

Matan da ke ɗakin suka amsa da amin. Na buɗe baki in gaya mata, sai aka miƙo mini ruwa, na karɓa na sha.