Baba Zare, Mai Ɗaure Littattafai Bibbiyu

Kafin rana ta yi zafi Baba Zare yakan buɗe ɗakin karatun da ke bayan majami'a. Ya share, ya durƙusa ya duba ko gara ta shiga kantar ƙasa, sannan ya zauna da ƙullin zarensa. Shekara da shekaru haka yake.

Dokarsa ce ta jawo masa sunan. Ba ya ba da aron littafi guda. Ka ɗauki mai yabon 'yan kishin ƙasa, ya ɗaure maka shi da mai tona asirinsu. Ka nemi na tauhidin Kirista, ga abokin gardamarsa a manne. "Su yi faɗansu a ɗakinka," yakan ce, "kai ka raba."

Sau ɗaya dokar ta karye. Zazzaɓi ya kwantar da shi, 'yarsa ta tsare wurin. Ɗan shugaban dattawan majami'a ya zo, ya ce biyu sun yi masa nauyi. Ta ga ba wani abu ba ne, ta kwance zaren. Ya tafi da littafin da ke cewa masu bishara da masu mulkin mallaka bakinsu ɗaya. Ran Lahadi, ana tsakiyar nazarin Littafi Mai Tsarki, saurayin ya miƙe ya tambayi fasto ko bangaskiyar nan ba igiya ba ce da aka zura wa kakanninsu a wuya. Ya fice.

Telan da ke tsallaken hanya ya ga zuwan uban. Ya ce ko gaisuwa babu.

"Kai ka ba ɗana wannan?" Littafin ya faɗi a kan tebur.

"Daga ɗakina ya fito, Dattijo. Ni ne."

Bai ambaci 'yarsa ba.

"Ka kwashe irinsa ka ƙone, ko ka ba ni makulli."

Baba ya daɗe yana kallon littafin. Ɗakin nan ne abincinsa, ba shi da wata sana'a. Ya tashi ya ɗauko na biyun, wanda ke cewa da bisharar nan ɗin wasu suka samu ƙarfin yaƙar mulkin mallaka. Ya ɗaure su tare, ya ɗora makullin a kai.

"Rabin zance yaron ya karanta. Kai ma rabi ka ji."

"To wanne ne gaskiya?"

"Da na sani, da ban sayi zare ba."

Dattijo bai yi dariya ba. Ya kwashi littattafan, ya garƙama kwaɗo.

Washegari Baba ya dawo ya zauna a bencin ƙofa. Haka kullum. Wasu suka daina gaishe shi. Matarsa ta gaji.

"Baban yara, kwaɗon kake gadi? Je ka ba shi haƙuri, ka ƙone 'yan takardun nan, mu huta."

"Haƙuri ina da shi. Ashana ce babu."

Damina ta faɗi. Rufin yana yoyo daidai kan kantar tarihi, shi kaɗai ya san inda ake ajiye bokiti. Yana zaune a waje yana jin ɗigar ruwa a ciki. Tela ya ce masa a ɓalle kwaɗon kawai. Ya ƙi. Ya ce ba shi ya rufe ba.

Wata la'asar, bayan ruwa ya ɗauke, Dattijo ya zo, fuska a murtuke kamar da.

"Na biyun ma ya ɓata mini rai."

"Yaron fa?"

"Bai dawo majami'a ba. Amma jiya mun yi gardama har abinci ya huce. Rabonsa da yi mini doguwar magana tun yana firamare." Ya miƙa makullin. "Akwai wasu?"

Da aka buɗe, ruwa ya riga ya cinye kanta guda. Baba ya fara fito da jiƙaƙƙun littattafan yana shanyawa. Dattijo ma ya naɗe hannun riga. Wasu sun bushe. Wasu ba su ƙara buɗuwa ba.

Baba, kai ne ka ɗauki laifin da ba naka ba. Kai ne ka yarda a rufe ka da yunwa, ba ka yarda ka zaɓa mana abin da za mu yi tunani ba. Ba ka taɓa gaya mana wanda za mu ƙi ba, a garin da kowa ke da wanda yake so mu ƙi. Mun gode. Allah ya saka.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, idanu sun gaji. Masu iya share ɗaki suna da yawa. Wanda ake nema shi ne wanda babba zai daka wa tsawa, shi kuma ya ce a'a. In akwai shi a cikinku, ya je ya karɓi makullin.