Malam Sammani Tanko da Sunan Gidan Saude

Haihuwarsa da Asalinsa

A shekarar 1965 aka haifi Malam Sammani a unguwar Ƙofar 'Yandaka da ke birnin Katsina. Mahaifinsa, Malam Tanko, dillalin riɗi ne, mahaifiyarsa kuwa, Malama Saudatu, 'yar Batagarawa ce wadda duk unguwar ta sani da Saude Mai Zoɓo. Su biyu ta haifa, Ɗanliti ne babba, Sammani ke bi masa. Mahaifinsu ya rasu suna ƙanana, don haka da tulun zoɓo ta rene su, ƙarƙashin kulawar ƙanen mahaifinsu, Baba Yari, dattijon da idan ya yanke magana ba a ƙara mata gishiri.

Karatu da Aiki

Ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya yi firamare da sakandare a cikin gari, sannan ya karanta aikin sakatare a kwalejin fasaha. Da aka ƙirƙiro jihar Katsina a 1987 sai ya samu aikin buga takardu a ma'aikatar gona, inda ya fara haɗuwa da kwamfuta. Abokan aikinsa na tsoron taɓa ta kada ta lalace a hannunsu, shi ko ya liƙe mata har suka laƙaba masa Angon Kwamfuta, sunan da bai taɓa jin haushinsa ba.

Aure da Iyali

A 1992 ya auri Hauwa'u, malamar firamare daga Ƙofar Kaura, kuma ita kaɗai ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarsa. A shekarar da ta biyo baya Allah Ya yi wa mahaifiyarsa rasuwa, rashin da ya daɗe yana ci masa rai.

Kafa Gidan Saude

Da mulki ya koma hannun farar hula a 1999, harkoki suka fara buɗewa, sai Malam Sammani ya ajiye aikin gwamnati ya buɗe shagon intanet a Ƙofar Kaura. Yayansa Ɗanliti kuwa ya riga ya zama jagoran manoman zoɓo da riɗi na Batagarawa. Suka haɗa kai a 2001 suka buɗe shafin intanet domin masu saye daga ƙetare su riƙa samun manoman kai tsaye, suka raɗa masa Gidan Saude don tunawa da mahaifiyarsu.

Sunan shafi a intanet ba a sayensa a mallake, hayarsa ake yi shekara-shekara kamar rumfar kasuwa. Wanda bai sabunta ba, bayan ɗan wa'adin sassauci, sai a saki sunan. A wancan zamani wasu kamfanonin ƙetare sun ɓullo da layin jira, inda mutum zai kama gurbi a kan sunan da ke hannun wani, da zarar mai shi ya yi sake sai ya faɗo masa. Bisa ladabi aka yi rajistar da sunan Ɗanliti, domin shi ne babba, kuma duk abin da ake buƙata wajen sabuntawa yana cikin kwamfutar da ke ɗakinsa.

Rasuwar Ɗanliti da Salwantar Suna

A damunar 2003 Ɗanliti ya kwanta jinya, wa'adin hayar ya cika yana asibiti, bai kuwa tashi ba. Bayan jana'iza Baba Yari ya kulle ɗakin mamacin ya jefa makulli a aljihu, kamar yadda aka saba a gidan, ba a taɓa kayan mamaci sai an yi sadakar arba'in an zauna rabon gado.

Malam Sammani ya san kwanakin sassaucin suna ƙarewa, ya san su sarai. Sau da dama ya je gaida Baba Yari da niyyar neman makullin, sai nauyin baki ya hana shi, domin ƙanen da ya nemi makullin ɗakin wansa tun ƙasar kabari ba ta bushe ba, me za a ce da shi in ban da mai kwaɗayin gado? Kuma ta yaya zai fahimtar da dattijo cewa akwai dukiyar da ba a gani, wadda ke zubewa a ɗaki kulle? Kunya ta yi aikinta.

Ranar da aka buɗe ɗakin, suna ya riga ya tafi. Wani kamfani da ya kama layi tun tuni ya ɗauke shi, ya cika shafin da tallar caca. Wasiƙun masu saye suka daina isowa Batagarawa, wannan da sauƙi, an samu wata hanya. Abin da ya ƙona ran Malam Sammani shi ne sunan matar da ba ta taɓa cin kwabon haram ba ya zama allon gidan caca. Hauwa'u ta shaida cewa ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'izar wansa.

Gwagwarmayarsa a kan Layin Jira

A daidai lokacin muhawara ta kaure tsakanin masu kula da sunayen intanet na duniya a kan wannan layi. Masu goyon baya suna cewa layi ya fi wawaso, masu adawa suna cewa 'yan kamfanoni kaɗan ne za su ci moriyarsa. Malam Sammani ya shiga da ƙarfinsa, yana aika ra'ayinsa ta imel, yana halartar tarurruka a Abuja da Legas da kuɗin motarsa. Hujjarsa daban take da ta kowa, domin shi daga fiƙihu ya ɗauko ta: haƙƙin shufa'a, wato idan za a rabu da kadara, abokin tarayya ne ya fi cancanta a fara yi wa tayi kafin bare. A wani taro a 2004 ya miƙe ya ce, "Ku da kuka tsara kwanakin ga, kun tambayi kwana nawa mutane ke zaman makoki? Mu nan in an yi mutuwa ba mu duba imel!" Aka yi dariya, aka tafa, ba a canza komai ba.

Bai karaya ba, sai ya juyo gida. A 2005 ya tara masu shagunan intanet na Katsina suka yi alƙawarin da suka kira ƙa'idar arba'in: duk abokin hulɗar da ya rasu, shagon ne zai sabunta sunan shafinsa, ba za a tambayi magada komai ba sai an share makoki. Makarantun Islamiyya da 'yan kasuwa da dama sun tsira da sunayensu ta wannan hanya.

Game da Gidan Saude kuwa, shekara goma ya ƙi shiga layin da yake yaƙa, yana cewa ba zai zauna jiran tuntuɓen wani ba. Hauwa'u ce ta karya masa wannan taurin kai a 2013, da ta ce, "Malam, wanda ya tsaya a ƙofar gidan uwarsa ai ba layi yake bi ba." Washegari ya kama gurbi. Abokansa suka yi ta tsokanarsa da jiran gawon shanu, shi ko yana sabunta gurbinsa duk shekara ba fashi.

Jinya da Rasuwarsa

A 2016 ciwon ƙoda ya kama shi. Cikin jinyar ya lura kamfanin cacar ya durƙushe, bai sabunta sunan ba, kuma ya lissafa cewa sakin zai iya zuwa bayan ransa, ga shi mai gurbi 'yan kwanaki ake ba shi ya karɓa, in bai karɓa ba a wuce ga na baya. Sai ya tara iyalinsa da dattawan gida, ya miƙa wa 'yarsa Ramla makullin ɗakinsa a gabansu, ya yi wasiyya cewa kada a kulle ɗakin ko na yini guda, kunyar da ya ji ta isar wa zuriyar gaba ɗaya.

Ya rasu da safiyar wata Laraba cikin watan Maris na 2017, yana da shekara hamsin da biyu. An yi masa salla bayan Azahar, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Ɗantakum. Ranar sadakar uku, ana tsakar karɓar gaisuwa, saƙon sakin sunan ya iso. Ramla ta tashi daga cikin mata ta shiga ɗakin mahaifinta, ba wanda ya ɗaga mata ido, ta karɓi sunan, ta goge tallar cacar kafin La'asar.

Ya bar matarsa Hauwa'u da 'ya'ya huɗu: Mudassir, da Ramla, da Babaji, da autarsu Saudatu, wadda bai taɓa iya kiran sunanta ba sai dai ya ce Ummi. Ya kuma bar musu Gidan Saude, wanda ya dawo hannunsu kwana uku bayan ya tafi. Allah Ya jiƙansa, Ya sada shi da mahaifiyarsa.