Tsakanin Kabarin Auta da Rijiya

Aikina a Dogon Dutsi auna nisa ne. A ofishin masu haƙa rijiyoyi nake. In zuba lambobin wuri biyu a na'ura, manhaja ta ja zare miƙaƙƙe tsakaninsu, ta faɗa mini kilomita nawa ne. Ba ruwanta da rafi, ba ruwanta da tudu. Ban taɓa jin haushinta ba sai shekarar da autanmu ya tafi ci-rani Aljeriya.

Motarsu ta mace a tsakiyar Sahara. Ruwa ya ƙare, suka watse neman rijiya. Wasu suka samu, shi bai samu ba. Wani ɗan garin Kore Mairuwa da ya tsira ya zo mana gaisuwa gida, a Tibiri. Bawan Allah, a ganinsa alheri ya yi: ya ajiye a wayarsa lambobin inda suka binne auta, da na rijiyar da ta cece su, ya ba ni duka a gaban Baba. Wayyo, da ma ya bar su can!

Da 'yan gaisuwa suka ragu, Baba ya kira ni zaure.

"Kai da aikinka ke nan, auna mini. In da nisa, in san ba yadda zai yi, in kwanta in yi barci."

Na ce, "Baba, a bar kaza cikin gashinta."

"Auna, na ce."

Na zuba lambobin a wayata. Abin ya fito nan take, ko kunya babu. Na faɗa masa.

"Ni ban san kilomita ba. Kamar daga nan zuwa ina?"

Wallahi bakina ya so ya ce Dogon Dutsi. Amma ya kafe ni da ido, na kasa.

Na ce, "Kamar daga ƙofar gida zuwa gonarmu ta fadama."

Sai na shiga zuba kamar mai talla: ai wannan zare ne kawai, can rairayi ne ƙafa na nutsewa, ba itace ba hanya, mutum bai san gabas ba balle rijiya. Raina ya ɓaci har na ji kamar in buga wayar da bango.

Washegari da rana tsaka aka nemi Baba aka rasa. Gorarsa na rataye a zaure, sandarsa ce kawai babu. Na hau babur na bi hanyar fadama, na iske shi zaune a bakin gona, ƙafafu fari fat da ƙasa.

Ya ɗago ya dube ni. "Na iso fa. Ni da wannan gwiwa, na iso. Ko ƙishi ban ji ba."

Na durƙusa na miƙa masa robar ruwa. Ya dubi robar ya daɗe, ya kau da kai.